Hanyar Alaska da Masu Gidaje a Kan Taya: Tarihin Wata Ƙaura ta Bazara

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa farkon Satumba, dubban Amurkawa da 'yan Kanada sukan kama hanyar arewa mai nisa, zuwa yankin Yukon na Kanada da jihar Alaska ta Amurka, a cikin wasu motoci da aka ƙera domin su zama abin hawa kuma mazauni a lokaci guda. Motar-gida, kamar yadda za a kira ta a nan, mota ce mai gado da madafa da makewayi da tankin ruwa, wadda ko dai tana da injinta, ko kuma tirela ce da wata motar ke ja. Mafi yawan matafiyan hutu ne ya fito da su, kuma sukan koma gidajensu idan sanyi ya kama, amma akwai wani rukuni a cikinsu da suka sayar da gida ko suka saki haya, suka mayar da motar mazauninsu na dindindin. Wannan al'ada ta samo asali ne daga haɗuwar tarihi biyu da suka taso daban-daban: tarihin motar-gida, wadda sha'awar yawo da matsin tattalin arziki suka haifa, da tarihin Hanyar Alaska, wadda tsoron yaƙi ya sa aka sare ta cikin daji a watanni takwas.

Kafin a yi hanyar, ƙasar arewa ba ta shiguwa da mota. Amurka ta sayi Alaska daga Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7.2, amma babu wani titi da ya haɗa ta da sauran ƙasar, domin tsaunuka da dazuzzuka da fadamun yammacin Kanada sun shiga tsakani. Mutanen da ke zaune a can tun shekaru dubbai, irin su Tlingit da Kaska da Tutchone da Gwich'in, suna da hanyoyinsu na ƙafa da na ruwa, waɗanda suke bi don farauta da kamun kifi da fatauci tsakanin gaɓar teku da cikin ƙasa. Gano zinariya a yankin Klondike a watan Agustan 1896 ne ya fara kwararo baƙi da yawa, inda kimanin mutum 100,000 suka taso, amma ko rabinsu ba su isa garin Dawson ba, saboda wahalar tsallake mashigar tsaunin Chilkoot da kuma dokar 'yan sandan Kanada da ta wajabta wa kowa shigowa da guzurin shekara guda. Layin dogo da aka kammala a 1900 tsakanin Skagway da Whitehorse, tare da jiragen ruwan da ke zirga-zirga a Kogin Yukon, su ne suka zama hanyar shiga har tsawon shekara arba'in. Masu yawon buɗe ido na farko, waɗanda suka fara zuwa tun shekarun 1880, masu hali ne da ke kallon gaɓar Alaska daga saman jirgin ruwa, ba tare da sun kutsa cikin ƙasar ba.

A daidai wannan zamani, can kudu, wata ɗabi'a ta daban tana tsirowa. Motar Model T da kamfanin Ford ya fitar a 1908 ta sa ma'aikaci mai matsakaicin samu ya iya mallakar abin hawa, kuma mutane suka fara ɗaure tanti da tukwane a jikin mota suna kwana a bakin hanya, tunda kuɗin otal ya fi ƙarfinsu. A 1919 wasu daga cikin irin waɗannan matafiya suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a birnin Tampa na jihar Florida, sunan da ke nuni ga abincin gwangwani da suke ci a kan hanya. Zuwa farkon shekarun 1930 an fara ƙera tireloli na kwana a masana'anta, inda kamfanin Covered Wagon na Arthur Sherman a yankin Detroit da kamfanin Airstream na Wally Byam suka yi suna. Sai dai karayar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta ba tirelar wani matsayi na daban, domin iyalai da yawa da suka rasa gida ko suke bin aiki daga gari zuwa gari sun koma zama a cikinta, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta sayi dubbanta don saukar da ma'aikatan masana'antun makamai. Tun daga lokacin motar-gida ta kasance tana ɗauke da mutane iri biyu, waɗanda suka shige ta don nishaɗi da waɗanda larura ta shigar da su, kuma har yau ana samun duka biyun a sansani ɗaya.

Batun yin titi zuwa Alaska ya daɗe ana tattauna shi, amma Kanada ta yi ta jan ƙafa, saboda tsadar aikin da kuma fargabar abin da zai jawo wa ikonta a kan arewacinta. Harin da Japan ta kai Pearl Harbor a ranar 7 ga Disamban 1941 ya kawo ƙarshen jinkirin. Shugaba Franklin Roosevelt ya amince da aikin a watan Fabrairun 1942, ƙasashen biyu kuma suka yi yarjejeniya cewa Amurka za ta biya kuɗin, sa'annan ta miƙa ɓangaren da ke cikin Kanada bayan an gama yaƙi. An zaɓi layin da ya bi jerin ƙananan filayen jiragen sama da aka riga aka gina a Fort St. John da Fort Nelson da Watson Lake da Whitehorse, filayen da daga baya aka bi da jiragen yaƙi kusan 8,000 zuwa Fairbanks don miƙa wa Tarayyar Sobiyet. Aiki ya fara a watan Maris, kuma da sojojin Japan suka mamaye tsibiran Attu da Kiska na Alaska a watan Yuni, sai gaggawar ta ƙaru.

Sojoji injiniyoyi fiye da 10,000 ne aka tura, kuma yawancinsu ba su taɓa ganin irin wannan ƙasa ba. Abubuwa biyu suka fi ba su wahala. Na farko shi ne fadamar arewa, wato ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓun ciyayi da ruwa suka haɗa, wadda takan haɗiye katafila har zuwa rufinta. Na biyu shi ne daskararriyar ƙasa, wato ƙasar da ke ƙarƙashin ciyawa wadda ba ta narkewa rani da damina, sai dai idan an yaye abin da ya lulluɓe ta. Da farko sojojin sun riƙa kankare ciyawar kamar yadda ake yi a ko'ina, sai rana ta narkar da ƙanƙarar da ke ƙasa, wurin ya zama taɓo. Daga baya suka koyi barin ciyawar a inda take, su jera gungumomin itace a gicciye, ɗaya manne da ɗaya, sa'annan su zuba tsakuwa a kai. Sauro da ƙudaje masu cizo sun addabe su da bazara, sanyin da ya zarce digiri 40 ƙasa da sifiri kuma ya riske su da hunturu a cikin tantuna. 'Yan asalin yankin da maharba ne suka riƙa nuna wa masu awo inda za a bi, sau da yawa a kan tsoffin hanyoyinsu na ƙafa.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na sojojin baƙaƙen fata ne, na runduna ta 93 da ta 95 da ta 97, a zamanin da sojan Amurka ke ware jinsi, ana ɗora musu fararen hafsoshi, ana kuma nisanta su da garuruwa. Sau da yawa an ba su kayan aiki marasa kyau, amma sun gina ɓangarori masu tsawo na hanyar, kuma gadar katako da runduna ta 95 ta kafa a kan Kogin Sikanni Chief cikin 'yan kwanaki, mutanenta suna tsaye cikin ruwan sanyi, ta zama abin da ake ambato. Masana tarihi da dama na lissafa wannan aiki cikin abubuwan da suka raunana hujjar masu wariya, kafin Shugaba Harry Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja a 1948. A ƙarshen Oktoban 1942 katafilolin da suka taso daga arewa da na kudu suka haɗu kusa da Beaver Creek, aka kuma yi bikin buɗe hanyar a ranar 20 ga Nuwamba a wani tudu da ke kallon Tafkin Kluane. Tsawonta a lokacin ya kai kimanin kilomita 2,700, daga Dawson Creek zuwa Delta Junction, ko da yake sai a 1943 ne kamfanonin farar hula suka mayar da ita titin da manyan motoci za su iya bi duk shekara.

Mutanen ƙasar sun biya farashi mai tsada. Dubban baƙi sun shigo da cututtukan da jikin 'yan yankin bai saba da su ba, kuma a ƙauyen Teslin kaɗai ƙyanda da atuni da tarin shiƙa da sanƙarau sun biyo juna tsakanin 1942 da 1943, suka kashe mutane, musamman yara. Farautar nishaɗi da baƙin suka riƙa yi na daga cikin dalilan da suka sa hukuma ta keɓe yankin Kluane a matsayin gandun namun daji a 1943, dokar da ta hana mutanen Tutchone na kudu farauta a ƙasar da suka dogara da ita tun kakanni. Garuruwan bakin kogi sun mutu bayan jiragen ruwa sun daina aiki, jama'a suka dawo bakin titi, har aka ɗauke hedkwatar Yukon daga Dawson zuwa Whitehorse a 1953. Dajin da matafiyin yau ke gani kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, a wurare da dama ƙasa ce da aka raba da masu ita a cikin waɗannan shekaru.

Kanada ta karɓi ɓangarenta a watan Afrilun 1946, aka kuma buɗe hanyar ga kowa a 1948. Tafiyar a wancan lokaci gwajin juriya ce, domin titin tsakuwa ne mai yawan kwana da gangara, ƙura takan turnuƙe idan an yi rana, taɓo kuma ya kama mota idan an yi ruwa. Matafiya sukan ɗauki tayoyin safaya biyu ko fiye da jarkokin mai, su ɗaura ragar waya a gaban mota don kare fitilu da gilashi daga duwatsun da manyan motoci ke watsowa. Wannan ne ya haifar da masaukan bakin hanya, inda iyali guda ke sayar da mai da abinci, su yi faci, su ba da ɗakin kwana, kuma aka san kowane masauki da lambar mil ɗin da yake. Littafin jagora mai suna The Milepost, wanda ya fara fita a 1949 kuma har yau ake sabunta shi duk shekara, an gina shi ne a kan wannan lissafi, yana faɗa wa direba abin da zai tarar mil bayan mil. A garin Watson Lake kuwa, allon da wani soja mai suna Carl Lindley ya kafa a 1942 ɗauke da sunan garinsu ya zama al'ada, matafiya suna ƙara nasu, har allunan suka kai dubun dubata.

Bunƙasar motar-gida bayan yaƙi ita ce ta cika wannan hanya da mutane. Arhar mai, da manyan titunan tarayya da aka fara ginawa a 1956, da kuɗin fansho da ya ba tsofaffi damar rayuwa ba tare da aiki ba, duk sun taimaka. Wally Byam ya fara jagorantar ayarin tireloli zuwa ƙasashen waje a 1951, har ya kai wani ayari daga Cape Town zuwa Alƙahira tsakanin 1959 da 1960, kuma wannan tsari na tafiya a ayari, da jagora a gaba da makaniki a baya, shi ne kamfanoni ke bi har yau wajen kai masu fargabar tafiya su kaɗai zuwa Alaska. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fitar da motar-gida mai injinta a 1966 a farashin da ya yi ƙasa da na sauran masu ƙira ƙwarai, abin da ya sa ta shiga hannun talakawa. Tsadar mai ta 1973 da ta 1979 ta durƙusar da masana'antar na ɗan lokaci, amma ba ta kashe sha'awar ba.

Zaman dindindin a mota ya zo da matsalolin da mai hutun wata guda bai san su ba, kuma babbarsu ita ce adireshi, domin hukuma tana buƙatar sanin jihar da mutum yake kafin ta ba shi lasin tuƙi, ta yi wa motarsa rajista, ko ta ba shi damar zaɓe. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978, ta warware wannan ta hanyar ba mambobinta adireshi a garin Livingston na jihar Texas, inda ake tara wasiƙunsu ana aika musu duk inda suka sauka. Jihohin Texas da Florida da Dakota ta Kudu, waɗanda ba sa karɓar harajin samu daga ɗaiɗaikun mutane, sun zama inda akasarinsu ke rajista. Shekarar irin waɗannan mutane tana juyawa ne da yanayi, kamar yadda makiyaya ke hawa arewa da damina su gangaro kudu da rani. Da hunturu sukan taru a wurare masu ɗumi, musamman hamadar da ke kewaye da Quartzsite a jihar Arizona, inda gwamnatin tarayya ta ware filayen dogon zama a kan kuɗi kaɗan, da bazara kuma su nufi arewa. Waɗanda ba su da isasshen fansho sukan yi aikin lokaci, su kula da sansanin baƙi ko su tsaya a kanti ko masaukin masu kamun kifi, a biya su da wurin ajiye mota da ɗan albashi, kuma kasuwancin bazara na Alaska yana cin gajiyar irin waɗannan ma'aikata.

Abin da ke jan su arewa shi ne faɗin ƙasar da hasken bazararta. A Fairbanks rana takan yi kusan awa 22 a sama a ƙarshen watan Yuni, har matafiya su toshe tagogin mota da kwali mai ƙyalli kafin su iya barci. A kan hanya akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Liard, inda garken ɓauna kan kwanta a gefen kwalta, da Tafkin Muncho, inda tumakin dutse ke saukowa lasar gishiri a bakin titi, da tsaunukan Kluane da ke ɓoye Dutsen Logan, mafi tsawo a Kanada, mai mita 5,959. A cikin Alaska sukan gangara gaɓar teku a Valdez da Seward da Homer don ganin kogunan ƙanƙara, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tsauni zuwa teku, da kuma kamun kifin salmon a Kogin Kenai. Man fetur ya ƙara musu hanyoyi, domin titin Dalton da aka gina a 1974 don aikin bututun mai na Prudhoe Bay an buɗe shi gaba ɗaya ga jama'a a 1994, titin Dempster ya isa Inuvik a 1979, kuma a 2017 aka tsawaita hanya har Tuktoyaktuk a bakin Tekun Arktik.

Yawan baƙin ya tilasta wa hukumomi kafa dokoki, kuma gandun Denali ne misali mafi bayyana. An kafa shi a 1917 kusa da dutse mafi tsawo a Arewacin Amurka, mai mita 6,190, amma baƙi ba su yi yawa ba sai da aka kammala babban titi tsakanin Anchorage da Fairbanks a farkon shekarun 1970. Ganin abin da ke tafe, a 1972 hukumar gandun ta taƙaita shigar motocin mutane, ta kawo motocin safa, har ya zama mai mota ba ya wuce kimanin kilomita 24 na farko daga cikin kilomita 148 na titin sai da izini na musamman. Saboda wannan doka ce baƙo ke iya ganin beyar da kerkeci da barewar karibu daga tagar safa. A sansanoni ma akwai ƙa'idoji masu tsauri game da abinci da shara, waɗanda dole a kulle su, domin beyar da ta saba da abincin mutane takan zama haɗari, ƙarshenta kuma a harbe ta. Mai motar-gida yana kuma rayuwa da lissafin tankunansa, na ruwan sha da na ruwan wanka da na bayan gida, kuma ba ya zubar da na ƙarshe sai a wuraren da aka tanada.

Yau an shimfiɗa kwalta a hanyar baki ɗaya, an kuma miƙe kwanoninta har tsawonta ya ragu zuwa kimanin kilomita 2,230. Sauƙin ya kashe yawancin tsoffin masaukai, tunda motar zamani tana cin dogon zango da tanki ɗaya, mai ita kuma yana ɗauke da gadonsa da tukunyarsa. Matsalar da sojojin 1942 suka fuskanta kuwa ta dawo da ƙarfi, domin ɗumamar yanayi tana narkar da daskararriyar ƙasa, titin da ke tsakanin Tafkin Kluane da iyakar Alaska yana lotsawa yana kumbura, ma'aikatan hanya suna kafa ƙananan tutoci don gargaɗin direbobi. A Denali zaftarewar ƙasa a wurin da ake kira Pretty Rocks ta sa an rufe titin gandun daga kusan tsakiyarsa a watan Agustan 2021. A shekarar ce kuma masana'antun Amurka suka fitar da motocin-gida kimanin 600,000, adadi mafi yawa a tarihinsu, bayan annobar korona ta sa mutane sun guji otal da jirgin sama, aiki ta intanet kuma ya ba matasa damar shiga rayuwar da a da aka san tsofaffi da ita.

Canjin da ya fi muhimmanci ya shafi mallakar ƙasar. Wata doka ta 1971 ta mayar wa 'yan asalin Alaska eka miliyan 44, wata yarjejeniya ta 1993 kuma ta buɗe wa al'ummomin Yukon ƙofar mulkin kai, har zuriyar waɗanda aka hana farauta a Kluane suka samu kujera a hukumar da ke kula da gandun. A Teslin da Whitehorse da Haines Junction sun gina cibiyoyin al'adu inda suke ba da tarihin 1942 kamar yadda iyayensu suka gan shi. Ɗorewar wannan ƙaura ta bazara ta rataya ne a kan kuɗin da gwamnatocin biyu za su ci gaba da kashewa wajen gyaran titi a kan ƙasar da ke narkewa, da dokokin da ke kare namun daji daga yawan masu kallonsu, da kuma amincewar al'ummomin da ƙasar ta dawo hannunsu, waɗanda a yanzu suke da bakin magana a kan inda baƙo zai sauka da abin da zai ɗauka.